Anini a Kwala, Sitiyari a Hannu: Yadda Ake Karanta Muƙaman Rundunar Direbobin Nazi

A zamanin Hitila akwai wata ba'a da Jamusawa ke yi wa ƙungiyar NSKK a bayan idonta. Haruffan nan huɗu taƙaitaccen suna ne na Nationalsozialistisches Kraftfahrkorps, wato rundunar masu motoci ta jam'iyyar Nazi, amma masu shaƙiyanci sai suka ce ai ma'anarsu "Nur Säufer, keine Kämpfer", mashaya zalla, babu mayaƙi. Ana ganinsu taron masu hali ne da ke son zagaya gari a mota ranar Lahadi, su tsaya a wata mashaya, su koma gida. Wannan raini ya yi wa 'yan ƙungiyar rana bayan an ci Jamus da yaƙi, domin da shi da yawansu suka wanke kansu. Ni kuwa a ganina, wanda ke son sanin ko kulob ɗin motoci ne ko wani abu daban, to ya bar abin da suka faɗa da bakinsu a 1945, ya dubi abin da suka liƙa a kwalar rigarsu tun 1934.

Mafarin ƙungiyar ba wani abin a zo a gani ba ne. An kafa ta a watan Afrilu na 1930 da sunan NSAK, aka sauya mata suna zuwa NSKK a 1931. Aikinta na farko jigila ne kawai: 'yan jam'iyya masu mota ko babur su ba da abin hawansu a kwashi masu jawabi da takardun farfaganda da 'yan bangar jam'iyya da ake kira SA daga wannan gari zuwa wancan lokacin yaƙin neman zaɓe. Wanda aka danƙa wa ragamarta shi ne Adolf Hühnlein, tsohon manjon soja da ya shiga yunƙurin juyin mulkin Hitila na Nuwamba 1923 a Munich, ya kuma ɗanɗana zaman kurkukun Landsberg saboda shi. A lokacin NSKK reshe ce a ƙarƙashin SA, kuma SA tana da nata sashen motoci mai suna Motor-SA. Da Hitila ya karya lagon SA a ƙarshen Yunin 1934, ya sa aka kashe shugabanta Ernst Röhm da wasu manyanta, sai aka cire Motor-SA aka zuba ta cikin NSKK a watan Agusta, aka mai da ƙungiyar mai cin gashin kanta, ba ta amsa umarnin kowa sai na Hitila. Ta bar gidan SA, amma ta fito da tufafin gidan a jikinta, kuma daga nan tsarin muƙamanta ya samo asali.

Abu na farko da mai karatu zai lura da shi shi ne babu sunan muƙamin soja ko ɗaya a jerin. Babu kofur, babu saje, babu kyaftin balle kanar. Sojan Jamus na da nasa sunayen, kuma yana kishinsu. Jam'iyya kuma tana son ta nuna ita sabuwar aba ce, ba ta gaji tsohon tsarin 'ya'yan sarauta masu riƙe da hafsoshin soja ba. Sai aka bi wata hanya mai sauƙi: a ɗauki sunan rukunin da mutum ke jagoranta a liƙa masa kalmar Führer, jagora. Ƙaramin rukuni na mutum kamar goma sunansa Schar, mai riƙe da shi Scharführer. Schar kaɗan su haɗu su ba da Trupp, mai shi Truppführer. Daga nan sai Sturm, wanda ya yi kusa da kamfani a tsarin soja, sai Staffel, sai Standarte mai kama da rejimanti, sai Brigade, sai Gruppe, sai Obergruppe da ke rufe babban yanki na ƙasa. Idan aka ga matakan sun yi kaɗan ga masu neman ƙarin girma, sai a sa Ober a gaban suna, wato na sama, ko Haupt, wato babba. Da haka Truppführer ɗaya ya haifi Obertruppführer da Haupttruppführer ba tare da an ƙara ko mutum ɗaya a ƙarƙashinsu ba.

Mu a nan mun saba neman igiya a hannun riga, anini a kafaɗa. Mai igiya biyu kofur ne, mai uku saje, kuma ko yaro ya san hafsa ta kafaɗa ake gane shi. Wanda ya ɗauki tsohon hoton ɗan NSKK da wannan ido zai ɓata lokacinsa, don labarin duka a wuya yake. A kowane ɓangare na kwala an ɗinka ɗan ƙyalle baƙi mai kusurwa huɗu. Na hagu shi ke faɗin muƙami, na dama kuma adireshi ne: lambar Sturm, a ja layi, sai harafin M da lambar Standarte. Wanda aka rubuta wa 12/M 35, alal misali, ɗan Sturm na 12 ne a Motorstandarte ta 35. Wannan M ɗin, farkon kalmar Motor, ita ke raba shi da sauran masu kaki ruwan ƙasa da suka cika titunan Jamus.

A ƙyallen hagu kuwa lissafi ne da abu biyu, igiya da anini. Sabon shiga, NSKK-Mann, nasa fayau yake babu komai. Sturmmann na da siririyar igiya ɗaya a gefen ƙyallen, Rottenführer biyu. Daga nan sai anini ya shigo, ɗan ƙarfe mai kusurwa huɗu launin azurfa. Scharführer anini ɗaya. A ƙara masa igiya ya zama Oberscharführer. Truppführer anini biyu. Da igiya ɗaya Obertruppführer, da biyu Haupttruppführer. Anini uku a jere a karkace shi ne ƙofar shiga sahun hafsoshi, wato Sturmführer, wanda za a iya kwatanta shi da ƙaramin laftanar. Igiya ɗaya a kai ta ba da Obersturmführer, biyu ta ba da mai darajar kyaftin, wanda da fari ake kira Sturmhauptführer kafin a juya kalmar ta koma Hauptsturmführer. Anini huɗu, ɗaya a kowace kusurwa, na Staffelführer ne, kwatankwacin manjo, da igiya kuma Oberstaffelführer. Da zarar ka riƙe cewa anini shi ne babban mataki, igiya kuma rabin mataki, ka gama karatun ƙananan muƙamai cikin minti biyar.

Daga Standartenführer zuwa sama sai harshen ya sauya ɗungurungum. A zubar da lissafin anini da igiya, a zubar da lambar rukuni, a ɗinka ganyen itacen da Jamusawa ke kira Eiche da zaren azurfa a duka ɓangarorin kwala biyu. Itace ne mai ƙarfi da daɗewa da suka ɗauka alamar ƙasarsu tun kafin a haifi Nazi, shi ya sa har yau ganyensa na kan ƙananan sulallansu. Ganye ɗaya Standartenführer, biyu Oberführer, biyu da anini Brigadeführer, uku Gruppenführer, uku da anini Obergruppenführer. Ɓacewar lambar nan ta dama ba ado kawai ba ce. Ƙaramin ɗan ƙungiya kullum yana yawo da adireshinsa a wuya, duk wanda ya gan shi ya san inda za a kai ƙararsa. Babba kuwa ya wuce a tambaye shi daga wane gida ya fito.

A can ƙoli akwai muƙami ɗaya tilo, Korpsführer, jagoran runduna, kuma mutum biyu ne kacal suka taɓa riƙe shi: Hühnlein har mutuwarsa a Yunin 1942, sai Erwin Kraus har ƙarshen yaƙi. Wannan suna da na Staffelführer su ne manyan wuraren da NSKK ta bambanta da uwar gidanta. A SA da SS, wato rundunar tsaro ta musamman ta Hitila, mai anini huɗu Sturmbannführer ne. A nan aka ce Staffel, don a ji ƙamshin ayarin motoci a sunan.

Sai dai akwai wani tarko da ke kama masu sha'awar tarihin nan. SS ma daga SA ta fito, ita ma baƙin ƙyalle take ɗinkawa a kwala, da anini iri ɗaya da igiya iri ɗaya, amma ta sake wa wasu matakan suna bayan ta ɓalle. Mai anini ɗaya a NSKK Scharführer ne, a SS kuma Unterscharführer. Mai anini biyu a nan Truppführer, a can Oberscharführer, sunan da a NSKK na wanda ke ƙasa da shi ne. Ga alama ɗaya da suna biyu, ga suna ɗaya da alama biyu. Wanda ya ga baƙar kwala a hoto mara launi ya yanke hukunci da gaggawa, sai ya mai da mai koyar da tuƙi ɗan SS, ko ya yi akasin haka, wanda ya fi muni.

Sauran kayan jiki su ne suka fi nuna sana'ar. Riga ruwan ƙasa ce irin ta SA, rigar da aka fi danganta asalinta da ragowar kakin da aka ɗinka wa sojojin mulkin mallakar Jamus na Gabashin Afirka, aka saye da araha bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Amma wando baƙi ne, mai faɗi a cinya, matsattse a ƙwauri, a cusa shi cikin dogayen takalma baƙaƙe. Duk wanda ya taɓa zama kusa da bakanike ya san dalilin da mai hulɗa da baƙin mai zai zaɓi baƙin wando. Daga baya aka ƙara kwat mai launin kore-kore. A damtsen hagu jan ƙyalle mai suwastika, tambarin jam'iyyar Nazi. Can ƙasa kusa da wuyan hannu kuma wani ɗan baƙin ƙyalle mai siffar zi ɗin karta, a cikinsa hoton ƙafar mota, alamar direba ke nan. Masu babur na da hular kwano ta baƙar fata mai kauri, da ƙatuwar gaggafar ƙarfe a goshi ta buɗe fukafukai tana riƙe da suwastika, da haruffan NSKK a rubuce. Wannan hula ita ce fuskar ƙungiyar a hotunan fareti. Abin kafaɗa kuwa da fari guda ɗaya ne, a dama kawai, kuma ba ya faɗin takamaiman muƙami, sai dai ya nuna ajin da mutum yake, ƙarami ne ko matsakaici ko babba.

Sai wuƙa. Me direba zai yi da wuƙa a ƙugu? Ba komai, kuma amsar ke nan. Irin ta SA ce sak, ƙota ta itace ruwan ƙasa, a jikin ƙarfen an zana "Alles für Deutschland", komai don Jamus. Daga 1936 aka umarci 'yan NSKK su mai da kubensu baƙi don a bambanta su. Ba a yi ta don yanka ko gyaran taya ba. An rataya ta ne don akawun banki da ya koyi tuƙi ya ji a jikinsa cewa shi ma jarumi ne.

To nawa ne kuɗin wannan girma? A nan ne abin ya fi ba ni sha'awa. Mafi yawan 'yan ƙungiyar ba ma'aikatanta ba ne. Da rana kowa na wurin neman abincinsa, da yamma ko ƙarshen mako a sa kaki a je atisaye, a koyi karatun taswira da gyaran inji da harbi, a saurari darasin aƙida. Kakin ma mutum ne ke saye da kuɗinsa, daga shagunan da ofishin kayan jam'iyya na Munich, RZM, ya ba lasisi, kuma dokar Disamba 1934 ta tanadi hukunci ga wanda ya sa kayan jam'iyya ba da izini ba. Muƙamin ba ya bin mutum zuwa bariki. Mai anini uku a NSKK idan aka kira shi aikin soja ba tare da ya taɓa zama hafsa ba, kurtu zai fara kamar kowa, wani saje ɗan shekara ashirin da biyar ya riƙa yi masa tsawa. Ba a ma sharɗanta mallakar mota ba, ba a sharɗanta lasisin tuƙi ba. A ƙasar da mota ke hannun 'yan tsiraru, da an sa wannan sharaɗi da ba a tara mutum fiye da rabin miliyan da ƙungiyar ta kai a farkon yaƙi ba. Sharaɗin da ba a sassauta ba shi ne na jini: sai wanda suka kira Ariyan, wato wanda a ma'auninsu jininsa na Jamusawa ne, ba Bayahude ba.

Don haka NSKK ta zama mafaka ga wani irin mutum: lauya, likita, ɗan kasuwa, ɗalibin jami'a, wanda ya san ba zai ci gaba ba sai an gan shi cikin wata ƙungiyar jam'iyya, amma yana ƙyamar 'yan daban SA, yana kuma tsoron nauyin SS. A nan zai sami kaki da 'yar igiya ba tare da ya fasa kan kowa a titi ba. A sama kuma muƙamin ya zama kamar rawanin da ake naɗa wa baƙo don girmamawa. Carl Eduard, tsohon sarkin Saxe-Coburg da Gotha, jikan Sarauniya Biktoriya ta Ingila, an ba shi Obergruppenführer na karramawa. Albert Bormann, ɗaya daga cikin hadiman Hitila, da kakin NSKK yake yawo. Wanda ya fi ban dariya shi ne Fritz Wiedemann, hafsan da Hitila ya yi aiki a ƙarƙashinsa yana ɗan aike a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Da zamani ya juya sai tsohon maigida ya dawo hadimin tsohon yaronsa, kuma tunda ba a tsayawa kusa da Hitila cikin farar hula, sai aka rataya masa ganyen Brigadeführer na rundunar direbobi. Babu wata birged ta motoci da ya taɓa jagoranta.

Duk wannan zai iya sa mutum ya koma ga ba'ar mashaya ya ce ai gaskiya suka faɗa. A nan nake rabuwa da su. Yarjejeniyar Versailles ta 1919 ta taƙaita sojan Jamus ga mutum 100,000, ta hana shi tankokin yaƙi. Ƙasar da ke shirin yaƙin injina tana bukatar dubun dubatar matasa da suka iya tuƙi da gyara tun kafin a kira su bariki, kuma wannan gurbi NSKK ta cike. Ta buɗe makarantun da ta kira na wasannin motoci, ta riƙa horar da samari kafin su shiga soja, ta ɗauki nauyin koyar da sashen babura na matasan Hitila. Tsoffin kulob-kulob na masu motoci an narkar da su a 1933 cikin ƙungiya ɗaya, DDAC, da ke ƙarƙashin inuwar Hühnlein, shi ne kuma ke riƙe da duk harkar tseren motoci a zamanin da Mercedes-Benz da Auto Union ke cinye gasannin Turai. 'Yan NSKK ne ke tsayawa a mararraba suna koya wa jama'a dokokin hanya, su ne ke taimakon wanda motarsa ta mutu. A Disamba 1938 kuma aka ƙwace lasisin tuƙi daga hannun Yahudawan Jamus baki ɗaya. Hanyar da ake ta ƙawatawa da masu baƙar hular kwano ba ta kowa ba ce. Tsarin Schar da Trupp da Sturm, wanda a lokacin zaman lafiya ya yi kama da wasan yara, shi ne ya sa ranar da aka bukaci direbobi dubu ba a tsaya neman wanda zai ba wa wani umarni ba. An riga an rubuta a kwala.

An fara gwada hakan a 1938 wajen jigilar kayan ginin katangar tsaro ta yammacin Jamus, aikin da Fritz Todt ya jagoranta. Da yaƙi ya ɓarke sai aka kafa manyan rundunonin sufuri, wasu suna yi wa ƙungiyar gine-gine ta Todt aiki, wasu Albert Speer, mai zanen gine-ginen Hitila, wasu sojan sama. Suka bi sojoji da mai da harsashi da siminti har Faransa, har Arewacin Afirka, har cikin Tarayyar Soviet. Kayan jiki ma suka bi aikin. Waɗanda ke tare da sojan sama suka koma kaki shuɗi mai toka-toka irin nasu, amma da baƙin ƙyallen NSKK a kwala, abin kafaɗa ya zama biyu kamar na soja. Aka buɗe ƙofa ga 'yan ƙasashen da aka mamaye, dubban mutanen Holan da Beljiyam da Faransa suka shiga, wasu don aƙida, wasu don albashi da abinci. Waɗanda kuma ma'aunin jinin Nazi bai yarda su sa alamar jam'iyya ba, kamar fursunonin yaƙi da 'yan gudun hijirar Rasha, sai aka yi musu wani gida daban a 1942 mai suna Legion Speer: sitiyari iri ɗaya, hanya iri ɗaya, alama daban. Akwai kuma kamfanonin NSKK da aka haɗa da rundunonin 'yan sanda a gabashin Turai da sunan kula da zirga-zirga, kuma binciken masana tarihi ya nuna wasunsu sun sa hannu a tattara Yahudawa da kashe su.

A 10 ga Oktoba 1945 majalisar ƙasashen da suka ci yaƙi ta fitar da dokarta ta 2, ta rushe jam'iyyar Nazi da rassanta, har da NSKK. A shari'ar Nuremberg kuwa ba ta cikin ƙungiyoyin da aka yanke wa hukuncin zama na masu laifi, irin su SS da 'yan sandan asiri na Gestapo. Amma takardar tambayoyi 131 da Amurkawa suka raba wa Jamusawan yankinsu tana da layi na NSKK, da gurbin da mutum zai rubuta ranar shiga da muƙami mafi girma da ya riƙe, kuma girman muƙamin na cikin abin da ake dubawa wajen sa mutum a ɗaya daga cikin azuzuwa biyar, daga babban mai laifi zuwa wanda aka wanke. Aninin da aka yi shekaru ana fafutukar ƙarawa sai ya zama kowa na fatan da nasa bai kai haka ba. Yau sashe na 86a na dokar laifuffukan Jamus ya hana nuna waɗannan alamomi a bainar jama'a, sai don ilimi ko bincike ko makamancinsu, kuma kalmomi ukun da ke jikin wuƙar nan sun ja wa ɗan siyasa Björn Höcke tarar yuro 13,000 a kotun Halle a 2024 saboda ya furta su a wani gangami.

Masu ƙananan igiyoyi kuwa yawancinsu sun koma harkokinsu lafiya lau. Wani ɗalibi a Munich, gwanin tseren keke mai son babur, ya shiga NSKK a 1937. Sunansa Franz Josef Strauss. Ya zama ministan tsaron Jamus ta Yamma daga 1956 zuwa 1962, ya shugabanci jihar Bavaria daga 1978 har rasuwarsa a 1988, kuma babban filin jirgin saman Munich sunansa yake ɗauke da shi.